Jijjigar da Ta Ƙi Jin Magani: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Likitoci Ke Hasashen Makomar Majinyaci

Waɗannan tambayoyi su ne 'yan uwa suka fi maimaitawa a bakin ɗakin kulawa ta musamman, idan an kwantar da nasu saboda jijjiga ko farfaɗiyar da aka yi ta yi wa allura ta ƙi lafawa. Kusan dukkansu suna komawa ga abu ɗaya: zai tashi kuwa, in kuma ya tashi, zai dawo yadda yake? An fara da masu sauƙi kafin a shiga masu zurfi, kuma bayanin likitan da ke riƙe da fayil ɗin majinyacin shi ne gaba da duk abin da aka rubuta a nan.

1. Me ake nufi da jijjiga mai ɗorewa, kuma yaushe ake cewa ta bijire wa magani?

Yawancin bugun farfaɗiya kan lafa da kansa cikin minti biyu ko uku. Idan jijjigar da ta kama dukan jiki ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko kuma tana tafiya tana dawowa ba tare da mutum ya dawo hayyacinsa a tsakani ba, to an shiga halin da likitoci ke rubutawa a fayil da sunan status epilepticus. A shekarar 2015 ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta kafa iyakoki biyu ga irin wannan jijjiga: minti 5, lokacin da ya wajaba a fara magani, da minti 30, lokacin da ake fargabar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun fara lalacewa.

Maganin hawa-hawa ne. Ana farawa da allurar diyazifam, ko midazolam, ko lorazifam. Idan ba ta ji ba, sai a ɗura ɗaya daga cikin magungunan farfaɗiya ta jijiya, kamar fenitoyin, balfurowet, lebetirasitam ko finobabiton. Idan hawa biyun nan suka gaza, a nan ne ake cewa jijjigar ta bijire, kuma galibi sai an sa majinyaci barci mai nauyi an haɗa shi da injin numfashi. Idan aka yi awa 24 ko fiye a kan maganin barcin jijjigar ba ta yanke ba, ko ta dawo da zarar an fara rage shi, wannan shi ne mataki mafi tsanani, wanda likitocin ƙwaƙwalwa suka ware shi da sunansa na daban tun 2011.

2. Me ya sa allurar da ta saba tsayar da jijjiga take daina aiki?

Ƙwaƙwalwa tana da abin da ke yi mata birki, wani sinadari da ake kira GABA, kuma diyazifam da 'yan uwansa ta hanyar ƙarfafa wannan birki suke aiki. Idan jijjiga ta daɗe, ƙofofin da sinadarin ke kamawa a fatar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan nutse zuwa ciki, a daidai lokacin da ƙofofin zuga ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira NMDA, suke ƙaruwa. Saboda haka allurar da za ta yi aiki a minti na goma tana iya zama kamar ruwa bayan awa biyu, kuma wannan ne dalilin da ya sa a wasu lokuta ake komawa ga ketamin, wanda ke toshe ƙofofin zugar. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, ya kwatanta lebetirasitam da fosfenitoyin da balfurowet a kan waɗanda allurar farko ta gaza musu, sai aka ga kowannensu ya yi nasara a kan ƙasa kaɗan da rabin majinyata, babu wanda ya yi wa wani fintinkau.

3. A cikin waɗanda suka shiga wannan hali, mutum nawa ne ke tsira?

A tsakanin manya da suka yi jijjiga mai ɗorewa kowace iri, kusan ɗaya cikin biyar ne ke rasuwa, adadin kuma yana hawa idan ta bijire wa magani. Likitoci biyu, Simon Shorvon da Monica Ferlisi, sun tattara rahotannin majinyata kusan 600 da jijjigarsu ta bijire, suka buga a 2012: kashi 35 cikin 100 sun rasu, kashi 35 sun koma daidai yadda suke kafin ciwon, sauran kuma sun rayu da nakasa, wasu mai sauƙi wasu mai tsanani. Yara sun fi manya tsira nesa ba kusa ba inda ake da kayan aiki. A wani bincike da aka yi a arewacin Landan, wanda aka buga a 2006, kimanin kashi 3 cikin 100 ne suka rasu.

Abin da ya kamata a riƙe daga waɗannan alƙaluma shi ne cewa ko a mafi munin mataki, waɗanda suka rayu sun fi waɗanda suka rasu yawa. Amma alƙaluman taro ne, ba su san sunan majinyacinku ba. Abin da ke karkatar da shi zuwa wannan ɓangare ko wancan yana cikin amsa ta 4 da ta 5.

4. Wane abu ne ya fi kowane nauyi wajen hasashe?

Musabbabin jijjigar. Jijjiga hayaƙi ce, likita kuwa wutar yake nema, domin makomar majinyaci ta fi rataya a kan abin da ya taɓa ƙwaƙwalwar fiye da yadda jiki ya girgiza a idon masu kallo. A ɗauki majinyata biyu a gadaje maƙwabta. Na farko saurayi ne ɗan shekara 25 da ya daɗe yana shan finobabiton, maganin ya ƙare ranar Laraba, babu kuɗin saye, zuwa daren Asabar aka kawo shi yana jijjiga, harshe a cije, riga jiƙe da yawu. Ta biyu dattijuwa ce mai hawan jini, wadda ba ta taɓa farfaɗiya ba, jijiya ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwarta, jijjigarta kuma ba ta wuce ɗan motsin hannu ɗaya da ƙiftawar ido ba. Duk wanda ya leƙo zai ce saurayin ne ke bakin kabari, alhali shi ne ake sa ran zai fita da ƙafarsa cikin 'yan kwanaki, ita ce kuma likita ke jin tsoro a kanta.

Musabbaban da suka fi kyakkyawar makoma su ne waɗanda ake iya gyarawa nan take: yanke maganin farfaɗiya, faɗuwar sukari ko gishirin jini, barin giya kwatsam ga wanda ya saba da ita, da shan ƙwayoyi irin su tiramol fiye da kima. Masu nauyi kuwa su ne yankewar iska daga ƙwaƙwalwa bayan tsayawar zuciya, wanda amsa ta 12 ta yi bayaninsa, da shanyewar ɓarin jiki mai girma, da mummunan rauni a ka, da ƙari a ƙwaƙwalwa, da kumburin ƙwaƙwalwa sanadiyyar ƙwayoyin cuta.

A ƙasar Hausa akwai musabbabai uku da likita ba ya mantawa da su. Da damina, yaron da aka kawo da zazzaɓi da jijjiga da suma ana fara zargin zazzaɓin cizon sauro ya hau masa ka, a yi masa allurar atesunet, a auna sukarinsa tun kafin a gama rubuta kati. Da bazara sanƙarau ne ke kan gaba. Mace mai ciki ko mai jego kuwa, jijjigarta taune-taune ce har sai an tabbatar da akasin haka, kuma maganinta daban ne, wato allurar magniziyam salfet da rage hawan jini da raba ta da cikin. Dukansu ukun suna kisa idan aka makara, kuma dukansu ana warkewa sarai idan aka kama su da wuri.

5. Shekarun majinyaci da lafiyarsa ta da suna da tasiri?

Suna da shi ƙwarai. Wanda ya haura shekara 65, ko yake fama da ciwon zuciya, ƙoda, hanta ko daji, ko kuma tun kafin ciwon sai an ɗaga shi an kwantar, ba ya jure makonnin kwanciya a kan injin numfashi kamar matashi mai ƙarfi. Abin da kan ba mutane mamaki shi ne cewa wanda dama yake da farfaɗiya ya fi wanda bai taɓa yi ba kyakkyawan zato, saboda jijjigar farko a rayuwar babban mutum galibi alama ce ta sabon rauni a ƙwaƙwalwa.

6. Mun ji likita yana cewa maki 4 ko maki 5. Wane lissafi ne wannan?

Mai yiwuwa ma'aunin STESS ne, wanda likita Andrea Rossetti da abokan aikinsa suka fito da shi a 2006, suka sake gwada shi a 2008. Abu huɗu yake dubawa, dukkansu ana sanin su a bakin gado ba tare da wani gwaji ba. Shekara 65 zuwa sama maki 2 ne. Rashin tarihin farfaɗiya, ko rashin sanin tarihin, maki 1. Zuwa asibiti cikin suma mai nauyi maki 1. Jijjigar dukan jiki maki 1, ɓoyayyiyar jijjiga cikin dogon suma kuwa, wato wadda ƙwaƙwalwa ke yi alhali jiki ya yi shiru, maki 2. Jimla daga 0 zuwa 6 take, kuma 3 zuwa sama ake ɗauka alamar haɗari. Saurayin amsa ta 4 zai samu 2, dattijuwar kuwa ta riga ta samu 3 daga shekarunta da rashin tarihi kawai.

Ƙarfin wannan ma'auni a gefe ɗaya yake. Idan maki ya yi ƙasa, da wuya majinyaci ya rasu, kuma a nan ana iya dogara da shi. Idan maki ya yi sama, ba ya nufin mutuwa, domin da yawa daga masu maki 3 da 4 suna tashi. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci da ya kamata iyali su ji game da duk wani maki da aka ambata musu, kuma kuskure ne babba a ɗauki babban maki hujjar sassauta magani.

7. Akwai wasu ma'aunai banda wannan?

Akwai. EMSE ya fito daga birnin Salzbag na ƙasar Ostiriya a 2015, ya kuma cike giɓin da STESS ya bari, domin yana ba musabbabi maki, ya haɗa da shekaru, da sauran cututtukan majinyaci, da abin da gwajin EEG, wato gwajin wutar ƙwaƙwalwa, ya nuna. Maki 64 zuwa sama ake ɗauka alamar haɗari a wannan ma'auni. END-IT ya fito daga ƙasar Sin a 2016, shi kuma yana hasashen yadda majinyaci zai iya kula da kansa wata uku bayan sallama, ta duban abu biyar: kumburin ƙwaƙwalwa, ɓoyayyiyar jijjiga, rashin jin diyazifam, abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna, da sa bututun numfashi. A 2022 masu bincike a Denmak sun fitar da ACD, wanda ke amfani da shekaru, zurfin suma da tsawon jijjiga don hasashen rayuwa bayan shekara biyu. Yawan ma'aunan ma ya isa ya nuna cewa babu wanda ya gamsar shi kaɗai.

8. Waɗannan ma'aunai suna aiki a asibitocinmu kamar yadda suke a Turai?

Sai da taka-tsantsan. An gina su ne a kan manyan majinyata a asibitocin da ke da injin numfashi da gwajin EEG dare da rana, alhali yawancin masu irin wannan jijjiga a yankinmu yara ne masu zazzaɓi. Binciken da aka yi a Kilifi da ke gaɓar tekun Kenya, wanda aka buga a 2008, ya gano cewa zazzaɓin cizon sauro ne babban musabbabi a tsakanin yara, kuma kusan kashi 15 cikin 100 sun rasu a asibiti, wato ninki biyar na abin da aka gani a Landan a amsa ta 3.

Akwai kuma abin da babu ma'aunin da ya lissafa shi: awannin da aka ɓata kafin a iso. Yaro ya fara jijjiga bayan magariba, a tura masa cokali a baki, a shaƙa masa albasa ko hayaƙi, a jira gari ya waye kafin a nemi mota, ya iso asibiti bayan awa goma sha biyu da ruwan da aka ɗura masa a cikin huhu. Addu'a da tofi ba su hana a kama hanya, ana iya yin su a cikin mota. Abin da ake so a gida shi ne a kwantar da shi ta gefe, kada a sa komai a bakinsa, a duba agogo, in minti 5 ta cika a tafi.

9. Jijjigar ta tsaya amma bai farka ba. Me ke faruwa?

Abu uku ne ke iya jawo haka: nauyin magungunan da aka ba shi, raunin da ya haddasa jijjigar tun farko, ko kuma ƙwaƙwalwar tana ci gaba da jijjiga a ɓoye bayan jiki ya yi shiru. Na ukun ne ido ba ya gani, sai dai wani lokaci a lura da ɗan rawar fatar ido, ko gefen baki yana motsi, ko idanu sun karkata gefe ɗaya. Gwajin EEG, inda ake manna ƙananan wayoyi kusan ashirin a fatar kai suna zana wutar ƙwaƙwalwa a allon kwamfuta, shi kaɗai ke tabbatar da shi. A wani bincike da aka yi a birnin Richmond na Amurka a 1998, kashi 14 cikin 100 na waɗanda jijjigar jikinsu ta tsaya an same su har yanzu cikin ɓoyayyiyar jijjiga mai ɗorewa.

Gwajin yana taimakawa wajen hasashe ma. Idan aka kira sunan majinyaci ko aka matsa masa farce sai zanen ya canza, ko aka ga alamomin barci irin na mai lafiya, wannan abin farin ciki ne. Zanen da ya kwanta shiru ba tare da maganin barci ba kuwa abin damuwa ne. A asibitin da babu na'urar, tambayar ko za a iya tura majinyaci inda take tambaya ce da ta dace iyali su yi.

10. Yau kwana goma yana kan injin. Tsawon lokacin nan ba ya nufin an rasa shi?

Ba ya nufin haka. Tsawon jijjiga yana da nauyi sosai a awannin farko, shi ya sa ake gaggawa, amma wani bincike da aka yi a Boston, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa bayan kimanin awa 10, ƙarin lokaci ya daina bambance wanda zai rayu da wanda ba zai rayu ba, musabbabi ne ke ci gaba da yin hukunci. An sha samun majinyata, musamman matasa waɗanda hoton ƙwaƙwalwarsu bai nuna babbar ɓarna ba, da suka yi makonni har watanni cikin barcin magani suka tashi suka koma karatu ko sana'a. Saboda haka ƙwararru suka yi ittifaƙi cewa yawan kwanaki shi kaɗai ba dalilin janye hannu ba ne. Haɗarin da doguwar kwanciya ke kawowa na daban ne, yana cikin amsa ta 13.

11. An yi duk gwaje-gwaje ba a gano musabbabi ba. Wannan alheri ne ko sharri?

Idan mai cikakkiyar lafiya, wanda bai taɓa farfaɗiya ba, ya faɗa jijjiga mai bijirewa kuma hoto da gwajin jini na farko ba su nuna komai ba, likitoci na kiran halin NORSE, idan kuma zazzaɓi ya riga shi da kwana ɗaya zuwa mako biyu, sai a ce FIRES, wanda aka fi gani a yara 'yan makaranta. An daidaita ma'anar sunayen biyu a 2018. A wani kaso na waɗannan majinyata daga baya akan gano cewa garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar ƙwaƙwalwa. Fitaccen misali shi ne kumburin ƙwaƙwalwa na NMDA, wanda likita Josep Dalmau ya bayyana a 2007: ya fi kama 'yan mata, yakan fara da sauyin hali da sambatu har a zaci taɓin hankali ne ko iska, amma idan aka ba da magungunan kwantar da garkuwar jiki, kusan takwas cikin goma suna samun sauƙi mai kyau cikin shekara biyu.

Waɗanda har ƙarshe ba a gano musu komai ba sun fi wahala, kuma da yawa cikin waɗanda suka rayu sukan ci gaba da farfaɗiya mai wuyar magani. Duk da haka a wannan rukuni ne haƙuri ya fi biya, domin galibinsu matasa ne masu lafiyayyar zuciya da huhu.

12. Zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da ita, yanzu jikinsa yana zabura. Hukuncinsa ɗaya da sauran?

Hukuncinsa daban ne, kuma shi ne rukuni mafi nauyi, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. Ko a nan ma ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Turai suka fitar a 2021 ta hana yanke hukunci kafin awa 72, ta hana yin sa alhali maganin barci bai bar jiki ba, ta kuma buƙaci aƙalla alamomi biyu masu zaman kansu su yi daidai, kamar rashin motsin ƙwayar ido ga haske, da zanen EEG, da hoton ƙwaƙwalwa.

13. Idan ba jijjigar ba, me kuma ke barazana ga majinyaci a ɗakin kulawa?

Sau da yawa abin da ke ɗaukar ran majinyaci bayan mako na farko shi ne ciwon huhu da ke biyo bututun numfashi, ko ƙwayoyin cuta a jini, ko faɗuwar bugun jini sanadiyyar magungunan barci irin su tayofental da furofofol, ko daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ko gyambon kwanciya. Wannan ne ya sa aikin ma'aikatan jinya, wato juya majinyaci kowace awa biyu, tsotse majina, goge baki da ciyarwa ta bututun hanci, yake cikin abubuwan da ke sauya makoma, ko da yake babu ma'aunin da ke ba shi maki. Mai jinya da ya ga jan tabo a ƙugu ko a diddige ya faɗa tun bai fashe ba.

14. Yaushe likita zai iya faɗa mana gaskiyar abin da yake gani, kuma me ya kamata mu tambaya?

Likita na iya faɗin zatonsa tun ranar farko, amma zato mai ƙarfi sai bayan an san musabbabi, an ga hoton ƙwaƙwalwa, an kuma janye maganin barci an ba jiki lokacin fitar da shi, wanda kan ɗauki kwanaki idan an daɗe ana ɗurawa ko ƙoda da hanta sun raunana. Mutumin da aka sa barci da gangan ba a auna ƙwaƙwalwarsa da rashin amsawarsa. Akwai tarkon da masana suka daɗe suna gargaɗi a kansa: idan aka yanke ƙauna da wuri aka rage magani, majinyaci zai rasu, sai rasuwar ta zama kamar ta gaskata hasashen, alhali hasashen ne ya jawo ta. A wurinmu tarkon yana zuwa ta wata ƙofar, wato kuɗin gado da na magani su ƙare, wani daga cikin dangi ya ce a mayar da shi gida. Kafin a kai ga wannan, iyali su zauna da babban likitan sashen su faɗi halin aljihunsu ƙarara, domin wani lokaci akwai magani mai rahusa da zai yi aikin mai tsada.

Tambayoyin da suka fi fito da amsa mai amfani su ne: an gano musabbabi, kuma ana iya magance shi? Me hoton ƙwaƙwalwa ya nuna? Rashin farkawarsa daga magani ne ko daga ciwon? Yaushe za a sake gwada rage maganin barci? Yana da kyau mutum ɗaya daga iyali ya riƙa karɓar bayani yana rubutawa da kwanan wata, kada kowa ya ji nasa ya kai gida daban.

15. Idan aka sallame shi, me za mu sa rai?

Halin da majinyaci ke ciki ranar sallama ba shi ne na dindindin ba. Wanda ya yi makonni a kwance yakan fita da raunin gaɓoɓi, mantuwa, saurin fushi ko baƙin ciki, kuma sauƙi kan ci gaba da zuwa a hankali har tsawon watanni shida zuwa shekara, musamman idan ana zuwa gashi a kai a kai. Likitoci na auna wannan da ma'aunin Rankin, daga 0, wato babu wata alama, zuwa 5, wato kwance sai an yi masa komai, kuma sun fi dogara da makin wata na uku fiye da na ranar fita. Yaro kuwa a sa ido a kan jinsa, maganarsa da karatunsa, musamman bayan sanƙarau, wanda kan taɓa ji.

Wanda ya taɓa yin jijjiga mai ɗorewa yana cikin haɗarin sake yi, saboda haka kada a tsayar da magani ko a rage shi sai da izinin likita, ko da an yi watanni lafiya lau, kuma a sayi na gaba tun saura na mako guda. A nemi likita ya rubuta sunan kowane magani da adadinsa a takarda ɗaya da za ta zauna a aljihun majinyaci, ya kuma tsara yadda za a sha su kafin azumi ko doguwar tafiya. Tuƙi, hawa bishiya ko gini, ɗiban ruwa a rijiya, wanka a kogi da zama shi kaɗai a bakin murhu duk a dakatar da su har sai likita ya ba da dama a ziyarar asibiti ta gaba.